Kambas ɗin Abban Maryam

Tun da likita ya ce wa maigidana Sulaiman hawan jininsa na son motsa jiki, ba mu sake hutawa ba. Ya sayo farin kambas mai taushin ƙasa. Kullum bayan Asuba sai ya ɗaure shi ya bar Gyadi-Gyadi a guje, ya taɓo kasuwar Tarauni ya juyo. Ni dai na ji daɗi, ko ba komai tumbin ya fara sauka. Abu ɗaya na hana, shigo mini da warin gumi ɗaki, shi ya sa takalmin ke wuni a bakin ƙofa.

Ana haka ƙafa ta soma. Da fari agarar dama ce, daga baya ciwon ya hau ƙwauri, har ya zama yana dawowa da ɗingishi. Na ce masa shekaru ne, ya harare ni, ya ɗauko takalmin ya dangwara a gabana.

"Nafisa, wa ya take bayan takalmin nan?"

Gaskiya an take shi. Bayan ya kwanta kamar na silifa, ba ya riƙe dunduniya ko kaɗan, ga danshi a ciki. Shi kuwa maigidan nawa, Abban Maryam, sai ya zauna ya kwance igiya a tsanake kafin ya cire, don haka ba aikinsa ba ne.

Da rana shi yana ofis, ni ina shagon ɗinki, 'yarmu Maryam tana makaranta. Gida sai Baba, mahaifinsa, wanda ciwon ƙafa ya sa da kyar yake kai kansa masallacin bakin layi. Sai kuma ƙanena Ɗan'azumi, da ya zo daga ƙauye yana jan adaidaita, yana kwana a ɗakin zaure, yakan leƙo gida da Azahar.

Maigidan nan nawa ya koma ɗan sandan ciki. Ya ajiye takalmi yana kallon gabas, ya dawo ya tarar yana kallon yamma. Ya ɗaga ya shinshina. In Ɗan'azumi ya zo gaishe shi, ƙafarsa yake kallo. Abin haushi, ni ma na fara satar kallon ƙafar ɗan'uwana, ina auna ta da ido.

Ran nan Sulaiman ya tsare Ɗan'azumi a zaure, murya ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji.

"Kai kake saka mini takalmi?"

"Wallahi ban taɓa saka shi ba, Yaya."

"To waye?"

Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai. Na ce, "Kai, buɗe baki ka yi magana mana." Ya yi gum. Shirun nan shi ya gama da shi. Sulaiman ya ce wanda zai ɗauki takalmi ya rantse a kai, gobe ba a san me zai ɗauka ba. Kafin yamma yaron ya haɗa kayansa a jaka ya koma wajen abokinsa a Darmanawa. Raina ya ɓaci da su duka biyun, na fi jin haushin nawa da ya kunyata ni a gidan miji.

Bayan 'yan kwanaki ƙafar ta kumbura har ta hana Sulaiman zuwa ofis. Na rufe shago na dawo ina shafa masa man zafi a falo. Aka kira Azahar. Muka ji Baba ya gama alwala, ya ajiye buta, ya dafo bango zuwa bakin ƙofa. Da jiƙaƙƙiyar ƙafarsa ya zura cikin kambas ɗin, ya take bayan, yadda ya saba yi wa kowane takalmi tun kafin a haifi Sulaiman.

Hannuna ya tsaya a kan ƙwaurin. Baba ya leƙo ya gan mu.

"Au, kana gida? Takalmin nan naka Allah ya yi masa albarka. Shi kaɗai nake takawa ban ji tsakuwa ba." Ya waiwaya zaure. "Wai ina Ɗan'azumi ne? Kwana biyu bai zo ya riƙe ni zuwa masallaci ba. Jiya saura kaɗan na faɗa kwata."

Sulaiman ya miƙe da kyar, ya zura silifa, ya kama hannun mahaifinsa, suka fita su biyu suna ɗingishi.

Na kira Ɗan'azumi a waya. Na ce ya dawo gida, mun gani da idonmu. Ina jin ƙarar adaidaita a bayansa.

"Na riga na kama waje, Yaya Nafisa," ya ce. "Don Allah dai kada ku hana Baba takalmin."