Saba'in ɗin Ɗantani

Ranar wata Laraba, bayan lisha, Maikano dillalin shanu ya ji wani irin sauti yana tasowa daga kogi, dum, dum, kamar ana daka a cikin rijiya. Matarsa Murja ta ce masunta ne ke buga goruna a kan ruwa, haka suke yi in ruwa ya ci wani nasu.

"Allah ya ƙara," in ji Maikano. "Mutum da ƙafa biyu ya ce shi kifi ne." Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Da gari ya waye maƙwabcinsa Sabo ya gaya masa Ɗantani ne. An samo gawar can ƙasa, ta maƙale a saiwar wata bishiya.

Duk Wudil an san uban Maikano ne ya haifi Ɗantani, har wushiryarsu iri ɗaya. Amma shekara goma sha biyu da suka wuce, da aka zo rabon gonar ubansu ta Indabo, Maikano ya dafa Alƙur'ani a gaban alƙalin En'e, ya rantse agola ne, uwarsa ta zo da shi. Ɗantani ya bar masa gonar. Ya ɗauki koma ya bi masunta. Tun daga nan in sun haɗu a hanya Maikano hanci yake toshewa, wai ƙarni.

Bai yi niyyar zuwa jana'iza ba, sai da Sabo ya ce, "Ai ya dace. Wanda ruwa ya ci shahidi ne. Kuma na ji ana cewa shahidi mutum saba'in yake ceta cikin danginsa ranar alƙiyama."

"Saba'in?"

"Saba'in cif."

Maikano ya shiga lissafi. Ya san abin da ke cikin littafinsa: saniya mai ciwon huhu da ya rantse lafiyarta lau, tsohon bijimi da ya goge wa ƙaho ya zama ɗan shekara huɗu, azumin da yake sha a bayan kara, kasuwar shanu. Ya lissafa dangin Ɗantani da yatsu, har da na wajen uwa, bai kai talatin ba. Ga wuri fili, ba mai shiga! Ya sa babbar rigarsa ta saƙi, ya fita.

Bayan an dawo daga maƙabarta, ya ratsa masuntan nan da ƙafafunsu duk faso, ya zauna dab da liman, Malam Dalhatu, wurin da mafi kusa da mamaci ke zama ya karɓi gaisuwa. Masu zuwa suka rasa yadda za su yi, sai su miƙa masa hannu suna kallon ƙasa. Shi kuwa yana ta, "Sai haƙuri, ƙanena ne, uba ɗaya," yana matse ido ko hawaye zai fito.

Da mutane suka ragu ya matsa. "Allah gafarta Malam, maganar saba'in ɗin nan, daga na kusa ake farawa ko?"

"Ceto na Allah ne, Maikano. Ba mai ceton wani sai da izininsa, kuma sai wanda ya yarda a ceta."

"Na sani, na sani. Amma dai wan mutum yana gaba da ɗan kawunsa ko?"

Malam ya ci gaba da jan carbinsa.

Maikano shekara talatin yana kara, bai taɓa yarda da cinikin da ba a sallama a gaban shaidu ba. Ya tashi ya tsaya jikin zana, inda Barakatu matar mamacin ke zaune ciki ta fara takaba.

"Barakatu, sannu da haƙuri. Ga Malam, ga Sabo, ga jama'a. Ki faɗa su ji, marigayi ya taɓa cire ni daga 'yan'uwansa?"

Can muryarta ta fito, a dishe.

"Bai taɓa ba. Ko da yara suka tambaye shi wane ne mai toshe hancin nan, cewa yake babanku ne babba, mura yake yi."

Wani masunci ya yi tsaki mai tsawo. Maikano bai ji ba. Ya juyo fuska a sake, kamar wanda ya sayar da gurguwar saniya.

"Kun dai ji. Ku zama shaida. Wallahi, tallahi, ƙanena ne, jinin ubana!"

Sabo ya tofar da tuƙar goro gefe, ya goge baki da bayan hannu.

"Mun ji, Maikano. To ranar, wace rantsuwar za a ɗauka, ta yau ko ta gaban alƙali?"