Baƙin Man Motar Isaka

"Buɗe hannun nan, Isaka! Na ce ka buɗe!"

Sanusi tela ya durƙusa a gefen tabarma yana kiciniyar ɓamɓare yatsun maƙwabcinsa. Isaka direba na kwance a rumfar tsakar gida, tun bayan azahar yake aman jini, leɓɓansa sun yi fari fat, amma hannun daman nan ya damƙe shi tamau. Abin da ke ciki wani guntun ƙarfe ne mai zare, bushon, wanda ake toshe gindin injin mota da shi. In babu shi, duk man da aka zuba ta sama ta ƙasa zai tsiyaye.

Motar tana ƙofar gida, tsohuwar Barliye ta ɗaukar kaya mai shan gazuwal, wato dizal, ta cika rabin lungun nan na unguwar Bukoki, ta tare wa shagon Sanusi iska shekara da shekaru. Bana ga fari, ga mulkin soja, an ce duk babbar mota mai lafiya a kama ta, ta kai hatsin agaji arewa. Wadda ta tafi da ƙafarta kuwa, a jan igiya take dawowa. Shi ya sa Isaka ya tsiyaye baƙin man tasa, ya ba wasu Buzaye suka shafa wa raƙumansu masu ƙazwa, da sojoji suka zo dubawa ya ce musu ta mutu. Niyyarsa in ƙura ta lafa ya zuba mata sabo, lamba arba'in na injin gazuwal, wanda tun da aka rufe iyakar Najeriya ya zama sai mai dogon hannu.

To, yau ga ciwon cikin da ya daɗe yana ɓoyewa ya tashi. An tsayar da taksi ɗaya a bakin kwalta, mai ita ya leƙo, ya ga tasar jini, ya ja da baya ya yi gaba. Ta biyu ko tsayawa ba ta yi ba. Saura Barliye.

Tanimu, sofer, wato direban wani ma'aikacin gwamnati da ke haya a ƙarshen lungu, ya shigo yana haki, rungume da gwangwanayen mai na ƙaramar motar maigidansa mai shan esansi, wato fetur. Bayansa mai sayar da mai a kwalba ne, ya kwaso duk abin da ke teburinsa.

"Ga shi, Baba Isaka," in ji Tanimu. "In an haɗa zai kai mu likita."

"Miƙo in taɓa."

Isaka ya tsoma ɗan yatsan hagu a kwalba, ya murza, ya yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci.

"Wanga tsoho ne, da tsumma aka tace shi. Yashi na ciki." Ya dubi gwangwanin Tanimu. "Wancan kuma na motar esansi ne. In injin ya ɗau zahi sai ya koma kamar ruwan shayi. Ba a ba ta su."

"Nan da likita ne fa!" Sanusi ya daka tsawa. "Wa ya ce maka Agadas za mu?"

"Yashi bai san nisa ba, tela. Kuma a gan ta bisa hanya, bayan na ce ta mutu?"

Ran Sanusi ya ɓaci har kunnuwansa suka yi zafi. Mutumin da suke cin tuwo kwano ɗaya, wanda ya riƙe masa ragon suna, yau shi ne ke zaɓen mai kamar mai zaɓen turmin zane, alhali rai na zuba cikin tasa. Haushin ciwon yake ji, da na sojoji, da na masu taksi, amma na Isaka ya fi, don shi ne a kusa.

"Ƙarfe ne fa, Isaka! Ƙarfe! Ita za ta yi maka salla? Ita za ta ɗauki makararka?"

"Ɗiyana za ta ciyar." Muryar ta yi ƙasa, sai da Sanusi ya sunkuya. "Ni dai tahiya ta zo. In na tahi, ita ce ubansu. Ku bar musu ita da lahiya."

Aïchatou, matar Isaka, tana tsaye jikin turken rumfa, ta toshe baki da gefen zane. Bazabarmiya ce ta Saga, Hausarta ta kasuwa ce, in ta ruɗe sai ta gauraya da yarensu.

"Ay Irkoy, ya Allah! Baban Hadiza, ba ni so mota. Kai nike so." Ta juya ga Sanusi, idonta jajir. "Tela, karɓe. Ni na ce."

Abin da yake jira ke nan. Ya danne damtsen Isaka da gwiwa, ya kama yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya yi zaton za a sha dambe, sai ya ga sun buɗe da sauƙi, kamar na jariri mai barci. Wannan sauƙin ya fi komai ba shi kunya.

Isaka bai zage shi ba. Ya dube shi kawai.

"Yau ka hi ni ƙarhi, tela."

Tanimu ya shige ƙarƙashin mota ya ɗaura bushon, aka yi ta ɗura mai, mai kauri da mai ruwa, rabi a injin rabi a ƙasa. Tanimu ya kama sitiyari, matasan lungu suka tura, ta yi tari, ta yi tari, ta tashi da baƙin hayaƙi. Aka shimfiɗa katifa a baya, aka ɗora Isaka, kansa bisa cinyar Sanusi, Aïchatou na riƙe da ƙafafunsa.

Ba su yi nisa a kan kwalta ba suka tarar da shinge, ganguna biyu da sanda a gicciye. Wani kaporal ya taso daga inuwa yana saɓa bindiga, ya zagaya motar a hankali, kamar mai tayin sa a kasuwa.

"Ba ita ce ta Bukoki ba, wadda aka ce mana ta mutu? Ashe matattu na tashi."

"Mutum ne ke mutuwa a nan!" Sanusi ya yi ihu daga sama. "Ka hau ka gani in kana da ido!"

Tanimu ya leƙo ta taga yana roƙo. "Shef, yi haƙuri, ruɗewa ce. Don Allah, shef."

Kaporal ya taka taya ya leƙa, ya ga katifar, fuskarsa ta ɗan sauya. Ya sauko ya kira wani soja.

"Bi su. In sun sauke mara lafiya, ka kawo ta bariki."

Isaka ya ji. Idonsa a rufe yake, amma Sanusi ya ji wuyansa ya yi nauyi a kan cinya. Motar ta ci gaba, sojan na maƙale a matakin ƙofa.

"Ka ji ta?" Isaka ya ce can ƙasa. "Ka ji yadda take ƙara? Ba muryarta ba ce."

"Bar zancen mota, don girman Allah! Yi shahada!"

Ya yi, Sanusi na ja masa baƙi. Kafin su kai ƙofar asibiti ƙafafun suka saki a hannun Aïchatou. Wani ma'aikacin jinya ya hau, ya taɓa wuya, ya ɗaga fatar ido, ya ce su yi haƙuri, su koma da shi gida.

Sojan ya yi musu alfarma ɗaya, ya bari motar ta mai da gawa har lungu. Ya tsaya gefe, hula a hannu, har aka shige da katifa. Sannan ya hau ya tayar. Aïchatou ta tsaya a bakin zaure, yaran sun kewaye ta, tana kallon Barliye na fita daga lungu tana ƙwanƙwasa. Ba ta dubi Sanusi ba, shi ma bai iya duban ta ba. Ya so ya zagi wani, ya rasa wa, sai ya shiga shago ya ɗauko farin yadi da almakashi.

Washegari da hantsi aka fito da makara. Babu fili a lungun da zai ɗauki sahu sai inda motar ta saba tsayawa, sai aka nufi nan. Liman ya dubi ƙasar, ta yi baƙi ƙirin da man da ya zube jiya, ya ce a ɗan dakata, ba a ajiye mutum a nan ba.

Sanusi ya tsuguna, ya riƙa ɗibar rairayi da tafin hannu yana watsawa. Duk inda ya rufe, kafin ya ɗebo wani, baƙin ya sake ɓullowa. Masu makara na tsaye da ita a kafaɗa, suna jiran ya gama.