Bencin da Ya Tsallake Ƙofata

Ni da Auta uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma tun muna yara in aka raba abu, nata ya fi maiƙo. Yanzu duk mun tsufa. Gidana na wannan gefen filin shaƙatawa na unguwa, nata na wancan gefen, muna hangen ƙofar juna. Filin dai suna ne kawai: ciyawa, lilo karyayye, famfo, sai bishiyar mangwaro biyu, ɗaya a gabana, ɗaya a gabanta.

Rannan hukumar gari ta turo wata yarinya injiniya, da hular kwano da bokitin farin fenti. Ta tara mu ta ce za a sa fitilu, a gyara lilo, a shimfiɗa hanyar masu motsa jiki, sannan benci mai jingina guda ɗaya na tsofaffi, a inuwa.

Na ce, "'Yar nan, inuwar wa?"

Ta yi dariya. "Kaka, ni ba na tambayar mutane, kowa ƙofarsa zai nuna min. Ƙasa nake tambaya. Nan da sati uku zan dawo in ga inda ciyawa ta mutu, shi ne inda jama'a ke amfani da shi."

Auta kullum da hantsi take fitowa da 'yar kujerarta ta zauna gindin mangwaronta tana saƙa, kamar tare aka dasa su. Ni ban taɓa zama a nawa ba, kar a ce ina sa ido a gidajen mutane. Ta taga nake yi. Don haka ciyawar gabana shar take, har gwiwa.

Sai na ɗauko takalman marigayi maigidana, masu nauyin nan na aikin gini, na cusa tsumma ciki. Kullum da sassafe in fita ina jan ƙafa, daga ƙofata zuwa gindin bishiya, in zarce har bakin famfo, in dawo. In Auta ta kashe ciyawa faɗin faifai, ni sai na kashe wadda makaho ma zai gani.

Matar ɗana ta ce, "Mama, lafiya kuwa?" Na ce likita ne ya ce in motsa gwiwa.

Auta ta ɗago murya daga can. "Yaya, me ya ɓace miki ne?"

"Hankalinki nake nema. Tun ina goya ki ya faɗi a hanya."

Sati uku cif, ƙasa ta fito ja wur. Injiniya ta dawo. Ta duba ɗan wurin Auta, ta zagaye shi da fenti, ko minti ba ta yi ba. Da ta zo nawa kuwa ta daɗe tana kallo, har hoto ta ɗauka. Na gyara mayafi.

"Kaka, kin ga abin da nake faɗa? Can zama ake yi, ga gurbin ƙafar kujera huɗu. Nan kuwa wucewa ake yi, dubi tsawonsa. Ma'aikata ne ma, ga sawun takalmansu. Ta nan hanya za ta bi."

Na sake gyara mayafi. In ce mata me, ni ce ma'aikatan?

Yanzu siminti ne shimfiɗe a gabana, ƙarti masu gajeren wando na wucewa suna haki kamar an biyo su. Benci na can, kore, har da wurin ɗora hannu. Auta ta baje a kai da matashin kai.

Jiya ta matsa gefe tana dukan katakon da tafin hannu. "Yaya, zo mana, ai ya ishe mu."

"Zauna abinki. Ni hukuma ta ga da sauran ƙarfina, hanya sukutum ta ba ni."

Na wuce ta kai a sama. Sau shida na zagaya filin nan, gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure, ina jiran ta shiga gida in ɗan ji yadda jinginar take. Ko motsi ba ta yi ba.