Farantin Yamina

Tun da matata Huriya ta rasu mutane suka fara yi mini alheri. Ni kuwa na koyar da tarihi har na yi furfura, na san kyauta ake turowa kafin runduna.

Ɗana Ridwan ne ya fara. Ya gyara mini ɗaki a gidansa na Aljas, can saman bene, taga na kallon bangon maƙwabci. Wai tsoho shi kaɗai ba zai iya riƙe gida a Bufarik ba. Na ce ina nan inda littattafaina da kabarin uwarsa suke. Na san bai haƙura ba, don dangin uwarsa ba sa haƙura.

Da zafi ya kankama sai ga Yamina, yayar Huriya, a ƙofata da faranti cike da huk, ’ya’yan itacen gonarsu, jajaye da ruwan ɗorawa, fatarsu da ɗan gashi-gashin nan.

“Si Bu’alam, ga na bana. Ka rame.”

“Haka kika same ni tun ranar ɗaurin aure, Yaya. A lokacin ma kin faɗa.”

“Bakin nan dai bai rame ba.” Ta leƙa ta bayan kafaɗata, idonta ya zaga kicin har ƙarƙashin murhu. “Farantin na surukata ne, ka kula da shi. Ba na sauri.”

Matar da ba ta taɓa ba ni ko ruwa ba sai da gori. Na gane. A garinmu ba a mai da faranti wayam, kuma ba a cika shi da kayan kanti. Abin da hannun gidan ya dafa ake sawa. Gidan da ya kasa, an san wutarsa ta mutu. Ridwan ya rasa hujja, shi ne ya aiko innarsa ta samo masa.

Ta ma haɗa mini tarko: nunannu a sama, masu tauri a ƙasa. Huriya ba ta latsa huk, ta ce yatsa yana bar masa tabo. Sunsunawa take ta wajen da aka tsinko shi. Na yi yadda take yi, na ware masu ƙamshi, sauran na jera su a taga. Na ci ɗaya a tsaye, ruwansa ya gangaro mini har gwiwar hannu. Ya yi daɗi, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Na sauko da tukunyar tagullar Huriya don in yi ma’ajun, dafaffen huk da sukari da take cika kwalabe da shi duk bazara. Na tsoma huk ɗin a ruwan zafi, fatar ta saluɓe, na cire ƙwallayen, na zuba sukari da ruwan lemon tsami da ɗan ruwan furen lemo. Sai na ja kujera da littafi, don ban ga dalilin da mutum zai tsaya yana kallon tukunya ba. Hanci ne ya gaya mini dalilin. Gindin ya kama.

Na tsaya a kansa. Akwai kanti a bakin layi mai sayar da ma’ajun, amma Yamina tana gane na kanti daga ƙofar gida. Na kwashe na saman a hankali, na zuba a kwano, na ɗora a farantinta, na kai mata da kaina.

Ta sa cokali, ta ɗanɗana, ta daɗe tana juya shi a baki kamar alƙali.

“Ya yi ƙauri.”

“Na sani.”

“Karatu kake yi, ko?”

“Yaya, faɗi hukuncinki, ƙafata na ciwo.”

“Na Huriya ma haka yake yi. Tana tsaye a kai, kai kuma kana binta da karatu da ƙarfi har ta manta.” Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura komai ba. Sannan ta ɗauki waya a gabana, ko kunya babu.

“Ridwan? Innarka ce. Ya maido, cike. Da hannunsa, ƙaurin ma shaida ne. Ka sa wa ɗakin nan kaya, ubanka ba ya zuwa bana.”

Bana. Na ji kalmar sarai.

Ina juyawa zan tafi ta ce, “Tsaya, Malam.” Ta shiga ciki, ta fito da wani farantin, ya fi na farko faɗi, huk har yana gangarowa.

“Ba na sauri,” in ji ta.

Na karɓa. Tun a hanya na fara sunsuna su.