Taƙi Ɗaya Daga Kowace Takarda

Shekara biyu na yi a Ingila ina gadin wuri guda a sararin sama, har abokan karatuna 'yan gida suna cewa jiran gawon shanu nake yi. Malamanmu suna zaton akwai baƙin rami a wurin, wato tauraron da ya mutu ya dunƙule, ko haske bai isa ya kuɓuce masa ba. Abin da ya kasa haɗiyewa sai ya feso shi waje da ƙarfin tsiya, feshin kuma ƙaton farantinmu na rediyo ke kama shi, wata na'ura mai alƙalami tana jan layi a doguwar takarda.

Wata ashirin layin nan yana kwance. Ran nan sai ya zabura, ya kwana tara yana hawa da sauka, ya koma ya yi shiru. Takarda tara ke nan, kowace rana da tata. Digirina kaf yana cikinsu, kuma ba su da kwafi.

Da hutun daminar 1975 wauta ta sa na taho da su gida Unguwar Shanu, wai zan auna su a natse. Natsuwa a gidanmu! Tun daga tashar jirgin ƙasa ruwa ya yi wa akwatina dukan kawo wuƙa. Washegari da rana ta fito na shanya takardun a tsakar gida, na danne da duwatsu, na tafi gidan waya in sanar da malamina na iso lafiya.

Da na dawo sai na tarar da mahaifina, Malam Datti, zaune a kan buzu. Takarduna na gefensa an ninke su tsaf. A gabansa ga almakashi, ga kasko da toka a ciki.

"Kai Balarabe," in ji shi, "boko ya cinye maka hankali ne? Sunan Allah a ƙasa, kaji na bi ta kai?"

Gaskiyarsa, akwai sunan Allah. Tun ina yaro ba na ɗora alƙalami a takarda ban rubuta Bisimilla ba, shi ya koya mini, da bulala ma. To a kan kowace takarda na rubuta ta da Larabci, a ƙarƙashinta kuma kwanan wata, da ƙarfe nawa aka fara, da ma'aunin da aka saita na'urar a ranar. Duka cikin taƙi ɗaya.

"Kwantar da hankalinka," ya ce, yana murmushin wanda ya yi abin kirki. "Ban taɓa maka zanenka ba. Kawunan kawai na yanke, na ƙona su yadda ya dace."

Na warware su. Layin yana nan lafiya lau, sai dai ban san wace ce ta Litinin ba, wace ce ta Juma'a, balle in san tsayin tsallen da ya yi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi ma ya fi wannan, nan babu wanda ya karɓi komai.

"Baba, a jere suke da ka kwashe?"

"A jere mana. Dogayen a ƙasa, gajerun a sama."

Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu har a ji ni a unguwar Badarawa. Amma wa zan yi wa ihun? Na tsuguna ina haɗa bakin wannan da na waccan, ba sa haɗuwa.

Ya daɗe yana kallona, murmushin yana gushewa.

"Tauraron nan naka, ba zai sake yi ba?"

"Wataƙila nan da shekara goma, Baba. Wataƙila har abada."

Ya dubi kaskon. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar, kuma ya fi asarar yi mini ciwo.

"Balarabe," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "karatun naka na ƙona?"

"A'a, Baba," na ce. "Akwai wasu irinsu a can."

Ya yi hamdala, ya miƙe ya tafi alwala.