Tirelar Raudatu

Malama Hadijatu tana bin bayan kujerun yara tana duba aikinsu, sai ta tsaya a kan Raudatu. Darasin wannan Asabar shi ne a sa ɗan hoto ya yi tafiya a fuskar kwamfuta ta hanyar jera masa tubalan umarni. Kowa ya ɗauki kyanwar da ke cikin manhajar. Raudatu ce kaɗai ta zana nata: jar tirela, kawunan shanu suna leƙowa ta sama.

Yau ta fara dawowa aji. Mahaifinta, Muhammadu Lawan, direba ne mai ɗaukar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa kudu. Watan jiya motarsa ta kife a hanya. Saboda nisa, can aka yi masa sutura. Gidansu a unguwar Hausari waya kawai aka yi musu.

Raudatu ta danna koriyar tutar da ke sa hoto ya fara tafiya. Tirela ta gangara a hankali har ta shige gefen dama, sai ɗan bayanta ake gani.

"Malama, ta ƙi dawowa."

"Ba ki gaya mata ba ne, 'yata. Ita kwamfuta abin da aka ce mata shi take yi." Malama ta sunkuya ta nuna mata wani tubali. "Wannan yana cewa in ta taɓa bango ta juyo. Jawo shi ki sa a ƙasa."

Yarinyar ta sa, ta sake danna tuta. Tirela ta kai bango ta juyo, amma tayoyi a sama, shanu a ƙasa. Malama ta manta haka manhajar take yi in ba a ƙara umarnin da zai hana hoto wuntsilawa ba. Da kyanwa ce, abin dariya ne.

Babakura da ke kujerar gefe ya leƙo. "Wannan direba ai bai iya ba, ga shi ya kifar da..." Ya haɗiye sauran.

"Laifina ne, Raudatu," in ji Malama. "Tubali ɗaya ya rage. Yanzu zan miƙar miki da ita."

Ta kai hannu kan linzamin kwamfuta. Raudatu ta ɗora nata a kai, idonta yana kan tirelar da ke tahowa a kife.

"Ki bar ta, Malama. Ai ta dawo."

Malama Hadijatu ta janye hannunta. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.