Siton da Aka Nuna a Talabijin

Yaya tana tsakiyar yanka yadin riga Auta ta bugo waya, ta ce 'yan talabijin za su zo su ɗauki gidan ranar Laraba. Sai da Yaya ta ajiye almakashi ta nemi wuri ta zauna.

"Gidan nan? Me za su gani a gidan nan?"

"Kai, Yaya. Masu karatu ne suka ishe su da tambaya. Wai a ina na taso, a ina na rubuta littafina na farko, da safe nake rubutu ko da yamma. Kin san mutane da son jin ƙwaƙwaf."

Yaya ce babba a gidansu, Auta kuwa ta ƙarshe, shekara goma sha huɗu a tsakaninsu. Da mahaifiyarsu ta rasu Auta tana aji uku na sakandare, Yaya ta ɗauko ta ta dawo da ita gidan aurenta. Ɗinki ne sana'ar Yaya, kuma ɗakin da ya fi kowanne haske a gidan, mai taga biyu, shi ne ɗakin aikinta. Da ta lura kullum kan yarinyar yana cikin littafin rubutu, sai ta ja keken ɗinkinta zuwa baranda, ta sa kafinta ya yi tebur, ta ce, "Ga ɗaki nan, naki ne." Shekara bakwai tana ɗinki a baranda, in ruwa ya feso ta rufe yadi da leda ta ci gaba. Yau ga Auta da littattafai shida a kasuwa, kowanne da hotonta a baya.

Kwana uku Yaya tana gyaran gida. Ta wanke labule, ta goge tagogi, ta hau kujera ta share fanka. Mijinta yana tsaye yana kallo ya ce, "Shekara nawa ina roƙon a goge fankar nan? Ashe kyamara ya kamata in saya tun farko." Ta ce ya matsa mata daga hanya. Daga ƙasan gado ta jawo akwati ta fito da tsofaffin littattafan rubutun Auta, guda ashirin da uku, ba wanda ya ɓata, ta jera su a kan teburin nan bisa shekarunsu.

Ranar Laraba suka iso su uku: mai gabatar da shirin, da mai kyamara, da wani dogo mai riƙe da makirufo a kan sanda. Auta ta leƙa ɗakin ta ce, "Lallai Yaya kin sha aiki." Mai gabatarwa ma ta leƙa, ta ɗan taɓe baki, ta ja Auta gefe suka yi ƙus-ƙus. Can sai Auta ta ce, "Yaya, mabuɗin sito fa?"

"Sito kuma? Ai tarkace ne a ciki."

"Ba komai, haske suke so su gwada."

Siton yana bayan kicin, ba taga, bokitai ne a ciki da tsohuwar katifa da keken yara mai ƙafa ɗaya. Aka roƙi Yaya ta zauna a falo saboda makirufo yana ɗaukar kowane motsi. Ta zauna da tiren shayi a gabanta har ya huce. Sun fi awa guda a siton. Ɗaki mai taga biyu kuwa ko wayar fitilarsu ba su ja zuwa can ba. Da za su tafi mai kyamara ya ce, "Mama, ɗan hau kekenki ki taka mana. Kada ki juyo, bayanki kawai muke so." Ta taka, tana murmushi ita kaɗai.

Ranar Asabar da la'asar aka sa shirin. Yaya ta gayyato maƙwabta biyu da wata tsohuwa mai kawo mata ɗinki, 'yar Yaya ta ƙara sautin talabijin. Sai ga Auta a zaune kan kifaffen bokiti, haske kaɗan a gefen fuskarta.

"A nan nake ɓuya in yi rubutu," in ji ta a hankali. "Yayata ba ta son ganina da biro. Ta taɓa yayyaga mini littafi a gabana, ina kuka ina roƙonta."

Daga nan aka nuna bayan wata mata tana taka keken ɗinki, aka sa wani kiɗa mai sanyi a ƙasa.

Yagar littafi kam an yi, sau ɗaya. Auta ta rubuta kwanakin ƙarshe na mahaifiyarsu, yadda take ɓata shimfiɗa, yadda take kiran Yaya da sunan wata, ta kuma karanta wa ƙawayenta a makaranta. Da Yaya ta gani idonta ya rufe, ta fizge shafi huɗu. Washegari ita da kanta ta tsince su ta liƙe da salatif, ta ba yarinyar haƙuri.

Maƙwabtan suka tuna sun bar tukunya a wuta. Tsohuwar ce kaɗai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ni dai na san a baranda nake samunki," ta fita.

Satin da ya biyo baya, ɗalibai mata suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofa suna so a nuna musu siton. Wata budurwa ta zo ta karɓe yadinta ba a ɗinka ba, ta ce ta canza shawara, tana magana tana kallon hannun Yaya. 'Yar Yaya ta fara karanto mata abin da ake rubutawa a waya, ta kai kan wanda ya ce irin waɗannan yayyen ne ke kashe baiwa, Yaya ta ce ya isa.

Sai a kwana na tara Auta ta zo, da ledar lemo a hannu.

"Yaya, wallahi su suka yanke. Na faɗa musu ke kika riƙe ni."

"Su suka zaunar da ke a kan bokiti?"

"To ƙarya na yi? Ba ki yaga ba?"

"Na yaga. Shafi huɗu. Suna nan a liƙe, tashi ki duba. Yaushe kika taɓa rubutu a sito, Auta? Ke da ko tsintsiya aka aike ki ɗaukowa a can sai kin ce akwai ɓera?"

Auta ta sunkuyar da kai tana juya mabuɗin mota. "Yaya, ba ki san harkar ba ne. Ba wanda zai zauna ya kalli wadda aka ba ɗaki da tebur. Wahala suke so su ji."

"Shi ne kika duba duk duniya ba ki ga wanda za ki miƙa musu ba sai ni."

"Zan gyara. Bari sabon littafina ya fito, abin ya lafa."

Littafin ya fito, abin ya lafa, ba a gyara komai ba. 'Yar Yaya ta ɗauki hoton ɗakin da teburin za ta sa a waya kowa ya gani, Yaya ta hana. "Ƙanwata ce. Ba zan tsaya a kasuwa ina musu da ita ba."

Bayan wata takwas aka yi wa Auta aikin tiyata a ciki. Yaya ta rufe kekenta ta tafi jinya, don ba wanda zai yi in ba ita ba. Ita ke ɗaga ta, ita ke goge mata jiki, ita ke bin likita da tambaya. A rana ta uku da hantsi, wata nas ta shigo canza ledar ruwa, ta dubi Auta, ta dubi Yaya, fuskarta ta washe.

"Ke ce yayar? Ai na kalli shirin nan har sau biyu. Ashe kun shirya." Ta rage murya. "Mama, ki gode wa Allah da ya ba ki ƙanwa mai yafiya. Wata da ko ƙofar ɗakin nan ba za ta bari ki taka ba."

Yaya ta juya ta dubi gado. Idon Auta a buɗe yake, sun haɗa ido sarai. Yaya ta jira. Auta ta lumshe ido a hankali, ta juyar da fuska wajen bango.

"Haka ne," in ji Yaya. Ta miƙa wa nas ɗin katin magani. "Na ƙarfe goma ba a ba ta ba tukuna."